Albam ɗin Ɗan Zango: Kwalliya Ta Biya Kuɗin Sabulu?

Da la'asar sakaliya, idan rana ta yi sanyi a Salaga ta arewacin Gana, akwai rumfar da ba ta rabo da samari, wato ta mai gyaran waya. Ɗan teburi ne mai gilashi, an jera murafun waya da cajoji a ciki, gefe kuma ga tsohuwar kwamfuta da fankarta ke kuka kamar injin markaɗe. Yaro zai ɓalle bayan wayarsa, ya zaro memori, ɗan abu bai fi farcen ƙaramin yatsa ba, ya miƙa haɗe da 'yan sidi, ya ce a zuba masa waƙoƙi.

Ba ya cewa a zuba masa albam kaza. Sunan mawaƙi yake kira, mai rumfa kuma ya kwaso duk abin da ya samu, sabo da tsoho, ya juye masa. Kafin magariba waƙoƙin sun tsallaka wayoyi goma ta Xender, a wajen mai shayi, a tashar babura, a majalisar da ake dafa ataya.

A ƙarshen 2022 sunan da aka fi kira a irin waɗannan rumfuna, daga Salaga zuwa Yendi har Bawku, shi ne Blacko. Wato Black Sherif, wanda sunansa na yanka Mohammed Ismail Sherif, ɗan Zangon Konongo a yankin Ashanti. Ranar Alhamis 6 ga Oktoban wannan shekara ya saki albam ɗinsa na farko, The Villain I Never Was, yana ɗan shekara 20. Da wuya a tuna wani kundin farko na mawaƙin Gana da aka yi wa dakon da aka yi wa wannan. Yanzu da ƙura ta lafa, ana iya zama a yi lissafi: abin da aka kururuta, an same shi a ciki?

Yadda aka ɗaure gangar

Yaron bai faɗo daga sama ba. Tun 2020 waƙarsa Money ta fara zagayawa a tsakanin samarin Kumasi. Lokacin ne kuma salon diril na birnin, wanda suke kira Asakaa, yake tashe, har Yaw Tog ya jawo Stormzy na Ingila cikin sabon zubin waƙarsa Sore.

Amma 2021 ce shekarar da ƙofa ta buɗe masa. A watan Mayu ya saki First Sermon, a Yuli ya biyo da Second Sermon. Bidiyoyin ba su da motocin alfarma ko gidajen haya masu wurin ninƙaya. Samari ne cunkus a unguwa, shi kuma a tsakiya yana rera waƙa da wata murya mai kama da kuka, mai kama da kirari, jijiyoyin wuya a tashe. Kafin shekarar ta fita Burna Boy na Najeriya ya shiga sabon zubin Second Sermon.

Sai ƙarshen Maris 2022 aka wayi gari da Kwaku the Traveller. Wannan ita ce ta fasa ƙauri. Ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin Apple Music na Najeriya, ƙasar da ba kasafai take ba mawaƙin Gana wannan kujera ba, kuma akwai lokacin da ita ce waƙar da aka fi nema a manhajar Shazam a duk duniya. Abin da waƙar ke faɗa ba wani mai wuyar ganewa ba ne: matashi ne yake amsa laifinsa, kuɗi sun shigo hannunsa yana ƙarami ya yi wadaƙa da su, amma bai zauna kuka ba, ya kama hanya.

Ta zo a kan gaɓa. A 2022 sidi ya riƙa zubewa kamar ganyen kaka. A watan Mayu gwamnati ta fara cirar harajin tura kuɗi ta waya, a Yuli ta nufi asusun ba da lamuni na duniya, zuwa Disamba kuma hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin ɗari. Saurayin da ya gama sakandare a Yendi yana zaune ba aiki, da ƙanwarsa da ta tafi Ankara, babban birnin Gana, dakon kaya a kasuwa, ba sai an fassara musu waƙar wanda ya bar gida neman na kansa ba.

To daga nan ne aka ɗora wa albam ɗin kayan da ko jakin fatake zai yi nishi. Wasu sun ce shi zai dawo wa Gana da martabar da mawaƙan Legas suka ƙwace. Wasu har sun fara lissafin kyautar Grammy. Hausawa kuwa sun ce idan ganga ta cika zaƙi, fashewa za ta yi.

Daga Gwanja zuwa Konongo

Mai karatu a Kano ko Maraɗi zai iya tambaya: me ya haɗa Salaga da yaron da aka haifa a ƙasar Ashanti, wanda yawancin waƙarsa da harshen Twi ne da Turancin buroka? Amsar tana cikin kalma ɗaya, zango.

Salaga ce babbar kasuwar Gwanja da fataken Hausa suka yi ƙarnuka suna dosa, su kawo kanwa da tufafi da kayan fata, su koma da goro. Kasuwar bayi ce kuma, rijiyoyinta na nan har yau suna ba da shaida. Yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa garin, 'yan kasuwa da malamai suka watsu zuwa Kete Krachi da Yeji da Kintampo da Kumasi. Wannan watsewa na daga cikin abubuwan da suka kumbura zangunan kudu. Konongo garin haƙar zinariya ne, kuma duk inda aka ji ƙamshin aiki 'yan arewa sun sauka sun kafa zango. Shi ya sa ɗan Salaga ko ɗan Bawku ba ya jin sunan Zangon Konongo kamar sunan wata ƙasa. Yana da kawu a can, ko abokin makarantar allo.

Akwai wani abu da nake yawan tunawa. Cikin malaman da yaƙin ya kora daga Salaga har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya ƙarasa rayuwarsa a Kete Krachi ya rasu a 1934. Cikin rubuce-rubucensa na ajami akwai Waƙar Talauci da Wadata. Ashe tun fiye da shekara ɗari mutumin zango yake zama ya tsara baiti a kan yadda babu ke wulaƙanta mutum a idon 'yan'uwansa. Ba ina haɗa malami da mawaƙin diril ba ne, Allah ya kiyaye. Cewa nake yi kunnen wannan ƙasa ya daɗe da sabawa da wannan jigo.

Kuma ba Blacko ne ɗan zangon farko da ya hau sama ba. Ƙungiyar VIP ta unguwar Nima a Ankara ta riƙe Gana a farkon shekarun 2000, ta kwashi kyaututtuka a 2004 da waƙar Ahomka Womu, kuma tana jefa Hausa a waƙoƙinta ba tare da jin kunya ba. Bambancin shi ne su VIP rawa suka kawo. Wannan yaron damuwa ya kawo, aka kuma yi rawa da ita.

Abin da ke cikin ƙwaryar

Waƙa 14 ce, ba ta kai awa ɗaya ba. Kamfanin Empire na Amurka ne ya rarraba ta. Abu na farko da ya ba mutane mamaki shi ne babu baƙi. A lokacin da kowane sabon mawaƙi ke cika kundinsa da manyan sunaye don su ja masa kasuwa, shi murya ɗaya tak ya bari ta shigo, ta Burna Boy, ita ma a tsohuwar waƙar da kowa ya riga ya haddace. Wannan ƙarfin hali ne, kuma a ganina ya yi daidai. Labarin mutum ɗaya ne, ba ya son 'yan rakiya.

Sunan kundin ma ya faɗi inda aka dosa: mugun da aka ce shi ne, alhali ba shi ba ne. Ya buɗe da The Homeless Song, waƙar wanda ba shi da makwanci. Duk wanda ya san cewa iyayensa sun tafi ƙasar waje neman abinci yana yaro, ya tashi a hannun dangi yana sauya gida da makaranta, zai gane ba aron baki ya yi ba. Soja, wadda ta fito kafin albam ɗin da 'yan makonni, magana ce da zuciya: tsoro da fargaba na cikin gida sun fi abokan gaban waje ɓarna, a tsaya kar a durƙusa.

Waƙa biyu ne, a kunnena, suka ɗaga kundin daga tarin waƙoƙi zuwa wani abu da za a ajiye. Ɗaya ita ce Konongo Zongo, inda ya waiwayi unguwar da ta raine shi ba tare da ya shafa mata hoda ba. Ɗayar kuma Oh Paradise, ta'aziyyar yarinyar da yake so wadda ta rasu suna makarantar sakandare. A nan ya sauke ihun nan nasa, ya bar muryar ta yi rawa. Na ga ƙato, mai faci, hannu duk baƙin mai, ya dakata da ɗaure ƙafar babur har waƙar ta ƙare, alhali na tabbata rabin kalmomin ba ya jin su.

Amma gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata. Tsakiyar kundin tana da nauyi. Idan ka saurare shi a jere, daga farko zuwa ƙarshe, akwai inda za ka kasa tuna ko waƙar ta canza ko har yanzu ta ɗazu ce. Jigon ɗaya ne: na sha wuya, an ci amanata, ba zan faɗi ba. Muryar ma kusan kullum a sama take, kamar mai kiran wani daga ƙetaren kogi. Ɗan ɗanɗanon rege da na hailaif da aka yayyafa nan da can bai isa ya sauya iskar ɗakin ba. Toxic Love City ta gwada shiga fagen soyayya, ta fito ba laifi, amma ba a nan ƙarfinsa yake ba.

Babban abin da ya rage wa kundin armashi kuwa ba laifin yaron ba ne. Waƙoƙin da suka fi kowace ƙarfi a ciki, jama'a sun riga sun cinye su watanni kafin ranar. An kawo tuwo bayan an tsame naman miya.

Shefil da Konongo

Wannan cuta ta zuzuta sabon mawaƙi Ingila ce gidanta. Jaridun kiɗa na Landan, musamman NME, sun shahara da naɗa wa ƙungiyar samari masu jita rawani tun kafin su fitar da kundi, idan kundin ya fito kuma su ne na farko wajen warware rawanin.

Misalin da aka fi kafa hujja da shi shi ne Arctic Monkeys, samari huɗu daga birnin Shefil. Suna raba faifan gwaji kyauta a wuraren wasa, masoya suka riƙa ɗora waƙoƙin a intanet suna tura wa juna, wato irin aikin da memori da Xender ke yi a Salaga. Da kundinsu na farko ya fito a Janairun 2006, an sayi fiye da kwafi 360,000 a mako guda, abin da wani kundin farko bai taɓa yi ba a Birtaniya kafin nan. Jagoransu Alex Turner shekararsa 20 a lokacin, daidai da Blacko. Su ma abin da suka rera rayuwar unguwarsu ce, da karin harshen garinsu.

Inda aka rabu shi ne aljihu. Saurayin Shefil ya shiga kanti ya biya kuɗin faifai, aka ƙirga. Saurayin Bawku ya biya mai rumfa, ko abokinsa ya tura masa kyauta, ko ya saurara a Audiomack da Boomplay ranar da ya samu data. Ba kasafai ƙaunarsa take shiga wani jadawali ba. Yawancin alƙaluman da ake yi wa albam ɗin ado da su, na mutanen Ankara da Legas da Landan ne. Arewacin Gana ta saurara sosai, amma ba a rubuta ta ba.

Gana ma tana da nata misalin na dakon da ya wuce kima. Kwesi Arthur ya yi shekaru yana alkawarin Son of Jacob, bai fito ba sai Afrilun 2022, kuma da yawa suna ganin lokacin wutar ta riga ta ja baya. Blacko bai yi wannan sakaci ba, ya bugi ƙarfe da zafinsa.

Masu yabo da masu ƙorafi

A Yendi, fadar Ya-Na, kiɗa ba abin wasa ba ne. Makaɗan lunsi, masu kalangun Dagomba, su ne ma'ajiyar tarihin sarauta, yaro kan shafe shekaru a gaban mahaifinsa kafin a yarda ya buɗe baki a gaban sarki, musamman a bikin Damba. A garin da ake auna mawaƙi da wannan mudu, a ce ɗan shekara 20 ya zama gwani saboda waƙa 14, dattawa murmushi kawai suke yi. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

Mu ma a ƙasar Hausa haka abin yake. Wa ya taɓa tambayar wane ne albam ɗin farko na Mamman Shata ko Narambaɗa? Bakandamiya ake tambaya, ita kuwa ba a farkon tafiya ake yin ta ba.

Ƙorafi na biyu daga mawaƙan arewa da masoyansu yake fitowa, kuma yana da ƙanshin gaskiya. Fancy Gadam ya cika filin wasa na Tamale da waƙoƙin Dagbani, ya ci kyautar sabon mawaƙi a bikin karramawa na ƙasa a 2017, a 2018 kuma Total Cheat, wadda ya yi da Sarkodie, ta zama waƙar shekara. Tun kafin shi King Ayisoba ya ɗauki wannan kyauta a 2007 da kologo, 'yar uwar kuntigi da gurmi. Maccasio, wani mawaƙin arewa, shi ma yana da rundunarsa. Duk da haka, in ji masu wannan ra'ayi, gidajen rediyon Ankara ba su taɓa yi wa kundin ɗan arewa irin shelar da suka yi wa na Blacko ba. A wurinsu ba zango aka ɗaga ba, Twi aka ɗaga.

Akwai kuma 'yan zangon da suka sa rai za su ji Hausa ta yi kaka-gida a kundin, tun da ɗansu ne. Ba su samu ba. Ni ban ga laifinsa a nan ba, mutum da harshen da yake mafarki da shi yake waƙa. Amma na fahimci ciwon.

Iyaye da malamai nasu daban ne. Suna jin ana ambaton hayaƙi da kuɗin da ba a san asalinsu ba, suna ganin yara na kwaikwayon shiga da tafiya, ga shi kuma ya kira waƙoƙinsa Sermon, wato huɗuba. Samari kan mayar da martani cewa ai ba ya yabon ɓata, ba da labarinta yake yi, kuma ba ya rabo da ambaton Allah da uwa. Kowane ɓangare yana da abin kamawa a cikin waƙoƙin.

Bawku kuwa tata ta fi ta kowa nauyi. Tun ƙarshen 2021 rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi ya sake tashi, aka sa dokar hana fita da dare, har da hana hawa babur a wasu lokuta. Garin da ke kan iyakar Burkina Faso da Togo, wanda kasuwa ce ransa, ya koma rufe ƙofa tun rana ba ta faɗi ba. Babu zancen gidan rawa ko taron kiɗa. Albam ɗin ya iso wa samarin garin ne a ɗaki, ta abin sawa a kunne, mutum shi kaɗai a kan katifa yana jiran gari ya waye. A irin wannan zama, abin da na kira nauyin tsakiyar kundin ba lalle ya zama aibi ba. Wanda dare ya yi wa tsawo ba ya gaggawar waƙa ta canza.

Hukuncin Ankara

A watan Mayun 2023 aka yi bikin karrama mawaƙan Gana karo na 24 a Ankara. Black Sherif ya tashi da kyautar gwarzon shekara, Kwaku the Traveller kuma ta zama waƙar da ta fi farin jini. Amma kyautar albam ɗin shekara ta suɓuce masa, King Promise ne ya ɗauka da 5 Star. Masoyansa sun yi ta ɓaɓatu. Ni kuwa ina ganin alƙalan, ko da gangan ko bisa kuskure, sun faɗi abin da kunnuwa da yawa suka ji: mawaƙin ya fi kundinsa girma.

Idan ma'aunin shi ne hasashen masu cewa zai kifar da Legas ya ɗauko Grammy, to kwalliya ba ta biya ba, kuma babu kundin da zai iya biya. Idan kuwa tambayar ita ce ko yaron da ya yi waƙa uku masu zafi yana da abin faɗa da ya wuce minti goma, ya amsa. A Oktoban 2023 ya karɓi kyautar BET ta mawaƙin gambarar zamani daga wajen Amurka. A Afrilun 2025 ya fitar da kundi na biyu, Iron Boy, sunan da ya aro daga laƙabin Amakye Dede, dattijon hailaif ɗan Agogo, maƙwabciyar Konongo. Wannan karon ya buɗe ƙofa ga baƙi biyu daga Najeriya, Fireboy DML da Seyi Vibez, ya kuma sassauta murya a wurare da dama.

A rumfar mai gyaran waya ta Salaga kuwa, kundin farko da na biyu duk sun narke a jaka ɗaya mai suna Blacko, an cakuɗa su da na Fancy Gadam da Hamisu Breaker da karatun Alƙur'ani da wa'azin malaman Najeriya. Yaron da ya karɓi memorinsa ba zai iya gaya maka wace waƙa ce ta wane kundi ba. Amma ka ce ya kunna maka wadda ya fi so, sau da yawa ba ya zuwa kan wadda ta zagaye duniya. Yatsansa kan gangara ƙasa, ya wuce ta, ya tsaya a kan Konongo Zongo.